Yadda Kiɗan Biki Ya Tona Asirin Majo

Ni ban taɓa ɓoye wa kowa ba cewa ba na son waƙoƙin yaran nan na yanzu. Matata ta ce tsufa ne, jikokina kuma sun ce kunnena ne ya lalace. Kunnena lafiyarsa lau, shi ya sa ma nake shan wahala. Ka shiga kasuwar Magariya ranar da take ci, kowace rumfar masu cajin salula da tura waƙa a memwar ɗin waya ta kafa lasifika a bakin ƙofa, kowace tana neman danne maƙwabciyarta, kuma in ka daure ka tsaya ka saurara sai ka tarar duk waƙa ɗaya ce aka sauya wa sunan budurwa. Muryar ma ba ta mutum ba ce. An zuba ta a na'ura an murɗe, ta fito ta hanci tana karkarwa, ba ka sanin namiji ne ko mace, babba ne ko yaro. Kullum zuciyarsa ta fashe, kullum zai mutu in ba ta ɗauki waya ba, kuma har yau ban ji an kira mu jana'izar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da can haushi kawai suke ba ni. Yanzu kuwa gaba nake yi da su, kuma ina da dalili.

Malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, har na aje aiki, shi ya sa kowa a garin nan Mushe yake kirana, yadda ake kiran malaman boko a ƙasarmu, har da waɗanda ba su taɓa zama a kalas ɗina ba. Na koyar a ƙauyukan Bande da na Dungas, na daɗe a Kwaya, na ƙare a Magariya. A Kwaya ne na tsinci wani kwali a ɗakin da aka ba ni, wanda ya riga ni zama ya tafi ya bar shi. Cike yake da tsofaffin littattafan leƙen asiri na Faransanci, ƙanana masu shiga aljihu, gara ta cinye bangon wasu. A wurin da ba lantarki, ba rediyon kirki, ba abokin hira sai iyayen yara masu zuwa neman a sako musu 'ya'ya su tafi gona, wannan kwalin ya rufa mini asiri.

Ba duka nake girmamawa ba. Akwai irin waɗanda ake zana wani ƙato a bango da bindiga a hannu, mace ta jingina da shi ba ta gama sa tufafi ba. Wannan shi ne ɗan leƙen asirin da kowane mai otel ya san sunansa, ya shiga gari da mota mai ƙara, ya fasa gilasai, ya tafi. Shirme ne, ɗan'uwan waƙoƙin yanzu ne, uwarsu ɗaya. Waɗanda nake so su ne na gajiyayyun dattawa masu tsohuwar kwat, a biranen sanyi da aka raba da katanga, mutanen da aikinsu duka jira ne da kame baki. Mutum ya yi shekaru yana zaune kusa da kai a ofis, ya san abin da zai hallaka ka, bai faɗa ba. A cikinsu na koyi cewa magana ɗaya da aka haɗiye ta fi shafi goma na harbe-harbe nauyi.

Wanda na samu muka riƙa cin kwalin nan tare shi ne babban ma'aikacin gidan likitan Kwaya na lokacin, wanda kowa ke kira Majo. Bafulatani ne dogo, siriri, ubansa na da shanu da gonar gero a bayan gari, shi kaɗai a gidansu aka kama aka kai lakwal. Ni kuwa kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, don haka tun ranar farko muka samu abin tsokanar juna, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce ban taɓa ganin ubangidan da fura kaɗai ke riƙe da shi ba. In na gama littafi in miƙa masa, in ya gama mu zauna mu yi ta gardama a kan wa ya ci amanar wa. Da muka aje aiki duka muka zauna a Magariya, unguwa ɗaya, muka kafa 'yar fadarmu ta mutum biyu a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa, da tabarma da butar shayi.

Abu ɗaya muka yarda da shi ba gardama: duk gwanintar mutanen littattafan nan, ba wanda zai kwana biyu a Magariya asirinsa bai tonu ba. Kafin ya sauka daga mota ɗan kabu-kabu ya san inda za shi. Mai shayi zai tambaye shi ɗan gidan wa ne, mai goro zai ce ya yi kama da wani da ya taɓa gani a Damagaram, kafin la'asar wata tsohuwa ta gano kakarsa. Garin da in ka sauya hula sai an tambaye ka ina tsohuwar. Mun sha dariya a kan wannan, ba mu san mu ne za mu gwada abin da kanmu ba.

Na fara lura da Majo ne lokacin da ya daina hawa moto, wato babur ɗinsa. Ya ce gwiwa ce. Daga baya ya ce in riƙa karanta mana littafin a bayyane, wai Faransancina na malaman ƙauye yana ba shi nishaɗi. Na zage shi na karanta. Sai wata rana da yamma ya ɗaga buta sama zai tsiyaya shayi yadda ya saba, don ya yi kumfa, shayin ya sauka a kan tabarma gefen kofi, shi kuwa ya ci gaba da zubawa yana ba ni labari. Sai da zafin ya taɓa ƙafarsa ya tsaya. Ya aje butar a hankali.

Ya ce, "Mushe, ka gani ko?"

Na ce na gani.

Ya ce, "To, kai kaɗai ka gani. Ina so ya tsaya a nan."

Ya yi mini bayani irin na wanda ya sha yi wa wasu. Ciwon ba yanar ido ba ne da ake karewa a cire. Irin wanda ke cinye gani daga gefe ne a hankali, abin da ya tafi kuma ya tafi ke nan. Ya je Damagaram a ɓoye an duba shi, an ba shi maganin ɗigawa, amma an makara. Yana ganin haske da duhu, yana ganin inuwar mutum in ya matso, ba ya ganin fuska.

Abin da yake tsoro ba makantar ba ce. Babban ɗansa ma'aikaci ne a Yamai, yaron kirki mai son ubansa, kuma tun rasuwar uwarsu yake cewa ranar da Baffa ya kasa riƙe kansa zai zo ya ɗauke shi. Majo ya taɓa zuwa gidan nan na Yamai ya ga ɗakin da aka tanadar masa, da fanka da talabijin da ƙofar ƙarfe. Ya ce mini in aka kai shi can, zaman jiran mutuwa zai yi a cikin mutanen da ba su san sunan ubansa ba. Shirinsa shi ne ya aurar da autarsa, wadda ke karatu a Damagaram kuma an riga an sa mata rana bayan kaka, sannan ya tattara ya koma Kwaya cikin 'yan'uwansa da shanunsu, kusa da kabarin matarsa. In ya zauna a can tsakiyar dangi, ko asirin ya fito yaron ba shi da hujjar tumɓuke shi. Abin da yake buƙata kawai shi ne ya ƙetare bikin nan ba wanda ya sani.

Na ji tausayinsa ƙwarai. Amma ba zan yi ƙarya ba, wani ɓangare na zuciyata ya yi murna irin ta yaro. Bayan shekarun da muka ɓata muna karanta aikin wasu, ga namu ya zo.

Muka tsara abinmu. In za mu masallaci ina gabansa kaɗan, kafaɗata na gogar tasa, kamar tsofaffi biyu da hira ta yi wa daɗi. In akwai rami ko dakali sai in yi gyaran murya. In na hango mutum tafe sai in riga shi gaisuwa da ƙarfi, in ambaci sana'arsa ko gidansu, Majo kuma ya ɗora kamar shi ya fara ganinsa. Sau da yawa ma ba ya buƙatata, domin mutumin da ya yi rayuwarsa yana sauraren marasa lafiya ya san muryar rabin garin, har tarin wasu yana ganewa. A cikin gida ya san kowane lungu, mai yi masa tuwo kuwa wata yayarsa ce tsohuwa da ita ma ba ta gani sosai. Damina ta wuce, aka yanke gero, aka cire gyaɗa, a garin nan da na ce ba a ɓoye komai, ba wanda ya ankara. Na yi alfahari da mu, har na fara raina marubutan da kansu.

Auta ta dawo gida ana saura kwanaki kaɗan biki, hankalinta duka yana wajen tela da mai lalle da salularta. Ɗan Yamai ya iso da motarsa da iyalinsa. Majo ya tarbe su a zaune, ya gane kowa da murya, ya tsokani jikoki, aka wuce wurin.

Ɗaurin aure da safe ya tafi lafiya. Ina manne da shi, ina kiran sunayen masu zuwa yi masa murna, yana amsawa. Da a zamaninmu ne da shi ke nan, an gama. Uban amarya ba shi da sauran aiki bayan fatiha, barin gidan ma yake yi ya bar wa mata shagalinsu, balle Bafulatani da kunyarsa. Amma yanzu akwai wani abu da yamma da suke kira koktel, ko da yake ban ga abin sha a wurin ba sai lemon kwalba da ruwan leda. Ana hayar fili da rumfuna da kujerun roba, a kawo gurup mai ba da wuta, a tara lasifikoki kamar buhunan hatsi, a ɗauko wani saurayi mai matsattsen wando a ba shi makirfo ya zama shi ne mai gari. An kuma aika ƙetaren iyaka an yi wa amarya waƙarta ta musamman a situdiyo, inda mawaƙin da bai taɓa ganin kowa a cikinsu ba ke jera sunayen dangi ta hanci, kowa da kirarin da aka saya masa.

Auta ce ta roƙi ubanta ya zo. Ta gani a bidiyon bukukuwan birni ana kiran uba ya fito ya kama hannun 'yarsa ya sa mata albarka a gaban jama'a. Ta ce ba ta da uwar da za ta tsaya mata, shi kaɗai ya rage. Na ce masa ya ƙi, ya fake da al'ada, ba wanda zai ga laifinsa. Ya ce bai taɓa ce wa yarinyar nan a'a ba tun ranar da aka binne uwarta, ba zai fara a ranar aurenta ba. Muka lissafa abin ba wuya. Amarya tana zaune a kujerarta ita da ango, daban da kowa, ni zan raka shi har gabanta a matsayin aminin uba, in ta ce Baffa ya miƙa hannu.

Bayan la'asar muka isa. Tun daga bakin titi na ji ƙasa na rawa a tafin ƙafata. Da muka shiga filin sai na ga Majo yana juya kai dama da hagu, abin da bai taɓa yi ba. Na sa baki a kunnensa na ce ga kujera, bai ji ba. Sai a lokacin na gane kuskurenmu. Duk dabararmu a kan kunne muka gina ta, ga shi mun shigo inda kunne ba shi da amfani. Mutane na zuwa suna gaishe shi, yana ganin inuwa tana motsi, ba murya, yana miƙa hannu inda ba kowa. Na riƙa tura hannunsa da gwiwar hannuna ina addu'a a kira shi da wuri mu fita.

Ashe mai makirfon nan yana da wasan da ya saba yi a bukukuwa. Amarya ta je ta sauya kaya ta sa ankon ƙawayenta, a jera su duka a tsakiyar fili, atamfa ɗaya, ɗaurin kai ɗaya, fuska duk an shafe da hoda iri ɗaya, sannan a ce ango ya fito ya nemo matarsa. Angon ya fito ya yi ta yanga, ya nuna kamar ya rikice, ya kamo ta, aka yi guɗa. Abin ya yi wa yaron makirfon daɗi, sai ya ce amarya ta koma layi, 'yan mata su cakuɗa, yanzu za a ga ko uban da ya haife ta zai fi ango saurin gane ta. Ya kira Majo da sunan da aka sa masa a waƙa, jama'a suka ɗauki tafi.

Na miƙe tare da shi. Yaron ya tare ni da hannu yana dariya, ya ce a makirfo wai ba a satar amsa a gaban Mushe, Baba shi kaɗai zai shiga. Wani tsohon ɗalibina ne ma ya riƙe mini riga yana ganin raha ake yi. Na ɗaga murya iyakar ƙarfina na ce tana gefen dama. Ni kaina ban ji abin da na faɗa ba.

Majo ya taka a miƙe, babbar rigarsa fara, bai yi tuntuɓe ba. Ya tsaya a gaban layin ya karkata kai, na san jira yake ta ce Baffa. Ta yiwu ma ta faɗa. Waƙar tana ta aman sunansa da wasu muƙamai da bai taɓa riƙewa ba. Da jiran ya yi yawa sai ya zaɓi inuwar da ta fi tsawo, domin autarsa doguwa ce, ya kama hannun wata yarinya daga dangin ango.

Fili ya fashe da dariya. Mai makirfo ya ce Baba ya iya wasa, a tafa masa, ya sake gwadawa. Majo bai ji ba. Ya riƙe hannun yarinyar nan da hannu biyu, ya sunkuya yana faɗa mata abin da ya kwana yana shiryawa, bakinsa na motsi, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Ita kuwa tana ta ƙyalƙyala tana neman zare hannunta, tana waigen ƙawayenta. Dariyar mutane ta fara raguwa daga kujerun gaba. Auta ta fito daga layi ta zo ta tsaya daf da shi, kusan kafaɗarsu na haɗuwa, ya ɗago ya dubi wajenta ya mai da kai ga 'yar mutane ya ci gaba. Na ga fuskarta lokacin da ta gane. Ta sa hannu ta zare hannunsa a hankali ta ɗora a kanta, ta durƙusa. Ɗan Yamai yana gefe yana ɗaukar bidiyo, na ga ya sauke salular. Kiɗan kuwa bai tsaya ba sai da wani dattijo ya je ya kashe gurup ɗin da kansa.

Kafin magariba bidiyon ya zaga gari, domin ba ɗan Yamai kaɗai ke ɗauka ba. Washegari masu zuwa murna suka koma masu zuwa jaje. Kowa da maganin da ya sani, kowa kuma yana cewa shi dama ya daɗe yana zargi, maƙaryata.

Ɗan Yamai ya same ni a gida, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa masa. Na kuma faɗa masa abin da ubansa yake so, na roƙe shi ya bar shi ya koma Kwaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, Baba Mushe, in na bar shi a ƙauye bayan duk duniya ta ga wannan, me zan ce wa mutane, me zan ce wa kaina? Ya ce akwai manyan likitocin ido a Yamai. Na ce ubanka ya fi ka sanin abin da likita zai iya. Bai yi mini musu ba, bai kuma sauya magana ba. 'Yan'uwan Kwaya da Majo ya dogara da su, da aka tambaye su, suka ce ai magani ya fi, a tafi da shi. Ita ma auta kuka take tana cewa a tafi da shi. Shi kuwa tun da ya fita daga filin nan bai ƙara gardama da kowa ba, kunya ta gama da shi.

Da safen da za su tafi na je. An riga an zaunar da shi a kujerar gaba, an ɗaura masa bel, kayansa a baya. Na tsaya a jikin taga na yi sallama, ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce wa ɗansa ya je ya duba ko an rufe ɗakinsa. Da ya ji takun yaron ya yi nisa sai ya jawo ni kusa.

Ya ce, "Mushe, tsakaninka da Allah. Kai da ke da ido, da kai aka tura, za ka gane ta a cikinsu?"

Na ce, "Ina fa. Da hodar nan da suka shafa? Wallahi ni ma da 'yar mutane zan kamo, ƙila ma wadda ta fi taka muni."

Ya yi dariya sosai, irin wadda rabona da jinta tun kafin biki, har ya saki hannuna yana share ido. Ya ce dama ya san Babarbare ba ya gane komai sai tuwo. Yaron ya dawo ya ta da mota, suka bi hanyar Damagaram.

Na yi kaffarar rantsuwar nan daga baya, domin tun daga inda aka riƙe mini riga na gane ta. Ita kaɗai ce a layin ba ta rawa, ta tsaya tana kallon ubanta tana jira ya zo.